Filin Sana'a: Kukan Salula A Cikin Amfilifaya, Laifin Wane Ne?

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Nguru ko Gashuwa da daddare, akwatin rediyo yana ta yi, ya san wani kuka wanda ba ya cikin shirye-shiryen kowace tasha. Ana cikin jin labaran duniya sai a ji "dit-didit, dit-didit, dirrr", kamar gyare ya shiga akwatin. Kafin a ƙifta ido kowa ya kai hannu aljihu, domin an riga an san salular wani ce za ta yi ƙara. Haka nan a masallatai, liman yana tsakiyar karatu sai lasifika ta ɗauki wannan kuka, ga kuwa takarda manne a bango tana roƙon jama'a su kashe salularsu. A teburin shayi abin dariya ne, a masallaci kuwa abin kunya ne ga mai salular. Amma akwai inda kukan yake zama hasara ta kuɗi da ta suna, watau a ƙananan amfilifayoyin nan da samari masu gyaran rediyo suke haɗawa da hannunsu domin a saurara da abin saƙalawa a kunne.

Tun da Hausa ta kira tarho waya, ta kuma kira zaren tagulla waya, to domin kada a rikice, a wannan fili na yau "salula" ita ce ta kira, "waya" kuwa ita ce ta tagulla.

Sana'ar gyaran rediyo ta daɗe a wannan yanki. Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru cikin 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da bandar kifi, kuma inda ciniki ya sauka nan akwatin rediyo yake sauka, inda rediyo ya sauka kuwa tilas makanikinsa ya biyo baya. Gashuwa, fadar Mai Bade a bakin kogin Yobe, ita ma haka. Jikokin waɗancan makanikai su ne a yau suke zaune a rumfuna da ƙarfen dalma a hannu, suna sayo kaya daga kasuwar Sabon Gari ta Kano ko su ciro daga matattun rediyoyi. Yaro mai basira yakan samo ɗan ai-si mai ƙafa takwas, irin su LM386 ko TDA2822, ya haɗa shi da batir da maɓallin ƙara murya, ya zuba a cikin kwandon sabulu na roba, shi ke nan amfilifaya ta samu. Masu saye ba su ƙarewa: ɗalibin da yake tilawar hadda da karatun da ke cikin memori, telan da keken ɗinkinsa yake danne masa sauti, da dattijon da kunnensa ya yi nauyi har ba ya jin labaran safe sai an ƙara masa.

Inda rigima take tasowa shi ne bayan kwana biyu. Mutumin ƙauye ya saya ranar kasuwa, an gwada masa a rumfa, sauti tangaram. Mako ya zagayo sai ga shi ya dawo da ita a ƙunshe cikin leda, yana cewa, "Yaro, wannan abin naka kuka yake yi mini a kunne kamar zai huda shi." Yaron ya kunna, ya saurara, bai ji kome ba, ya ce, "Wallahi Baba, lafiyarta lau, ka ji da kanka." Dattijo ya rantse, yaro ya rantse, alhali kuwa babu maƙaryaci a cikinsu. Sanin dalilin da ya sa dukansu biyu suke da gaskiya shi ne rabin maganin.

Tsarin salula da aka fara aiki da shi a Nijeriya cikin watan Agusta na 2001, wanda ake kira GSM, yanzu kuma aka fi sani da 2G, yana da wata dabara ta raba hanya. Salula takwas suke tarayya a kan zango ɗaya, kowace tana magana da ƙarfen sabis a lokacinta, ta yi shiru ta bar wa saura. Misalinsa kamar mata takwas ne suna lugude a turmi ɗaya: kowace taɓarya tana sauka ta tashi, ba ta sake sauka sai an kewayo kanta. Bambancin kawai shi ne sauri, domin salula tana sauke tata taɓaryar sau 217 a cikin sakan ɗaya, kuma kowane bugu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Igiyar rediyon da take aikawa, mai kaɗawa wajen sau miliyan 900 ko miliyan 1,800 a sakan, kunnen ɗan Adam ba ya jin ta ko kusa. Amma kunnawa da kashewar nan ta sau 217 tana tsakiyar abin da kunne yake ji. Ita ce "dirrr" ɗin. Dalilin da ya sa kukan yake riga ƙarar salula kuwa shi ne, kafin ta yi ƙara sai ƙarfen sabis ya neme ta, ita kuma ta amsa, sun yi 'yan gaishe-gaishensu. Haka kuma takan yi idan saƙo zai shigo, ko kuma lokaci-lokaci domin ta sanar da inda take, ko da ba wanda ya kira.

To yaya igiyar da take tafiya cikin iska take shiga na'urar da ba rediyo ba? Masu sauraron gajeren zango sun saba da jin "mita 49" ko "mita 31". Wannan lissafi tsawon igiyar ne, shi ya sa rediyon gajeren zango yake son doguwar eriya. Igiyar salula kuwa gajera ce ƙwarai, santimita 33 a zangon 900, wajen santimita 17 a zangon 1,800. Eriya tana kama igiya sosai idan tsawonta ya kai rubu'in tsawon igiyar, watau santimita 8 ko 4 ke nan, tsawon ɗan yatsa ko rabinsa. Saboda haka duk wata 'yar waya da yaro ya bari tana lilo a cikin akwati, daga soket zuwa maɓalli ko daga batir zuwa allo, eriya ce ya kafa bai sani ba, balle doguwar wayar abin kunne. Idan igiyar ta biyo waya ta isa ga taransiston farko da ke cikin ai-si, sai shi kuma ya yi mata irin abin da diyod yake yi a cikin akwatin rediyo: ya zubar da igiyar, ya tsamo bugun da ke kanta. Daga nan amfilifaya ba ta san bambancin karatu da kuka ba, duk abin da aka miƙa mata sai ta ƙara masa ƙarfi ta tura kunne.

Saura batun dattijo da yaro. Salula ba ta magana da ƙarfi ɗaya kullum. Idan tana kusa da ƙarfen sabis, shi yakan umarce ta ta sassauta, har ƙarfinta ya sauko zuwa 'yan kashi kaɗan cikin dubu na wat ɗaya. Idan ta yi nisa kuwa sai ta ɗaga murya har zuwa wat 2 a zangon 900, watau ninki ɗaruruwa. Rumfar yaro tana cikin gari, ƙarfen sabis yana hange. Gidan dattijo kuwa yana can cikin rairayin Machina ko Yusufari, ko a wani tungan masunta a fadamar Hadejiya da Nguru, inda sanda ɗaya tak ake gani a fuskar salula, wani lokaci ma sai an hau tudu. Daɗin daɗawa, a irin waɗannan wurare ƙananan salula masu madannai suka fi yawa, kuma ko manyan ma sukan koma 2G idan sabis ya yi rauni ko za a yi kira. Sababbin tsare-tsare na 3G da 4G ba su yin lugude irin wancan, shi ya sa mutanen manyan birane suka fara mantawa da kukan. Amfilifayar da ta ci jarrabawa a kasuwar Gashuwa tana iya faɗuwa warwas a ƙauyen da bai fi tafiyar awa ɗaya ba.

Hausawa suka ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Salula tana yin aikin da aka ƙera ta dominsa ne, kuma ba inda za ta. Mutanen Yobe sun ɗanɗana rayuwa ba tare da ita ba cikin 2013, sa'ad da aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu aka katse layuka har zuwa watan Yuli. A makonnin nan lasifikoki sun huta da kuka, amma ba wanda ya yi murna da wannan irin shiru, domin ciniki ya tsaya, 'yan'uwa sun rasa labarin juna. Tun da haka ne, gyaran yana wuyan mai haɗa amfilifaya.

Kafin magani sai an san cuta. Gunjin da yake tafiya bai ɗaya ba tsayawa, "uuum", wannan na wutar lantarki ne ko janareto, mai kaɗawa sau 50 a sakan. Siririn fito kuma yawanci na caja mai araha ne ko na injin da yake juya wutar sola. Na salula shi ne mai zuwa ya tafi, mai tsalle-tsalle. Idan an tabbatar shi ne, sai a nemi ƙofar da yake shigowa. A sa salula a kan 2G, a ajiye ta kusa da na'urar, a kira ta, sa'an nan a rage murya har ƙasa. In kukan ya ragu tare da murya, to ta wajen shigar sauti yake biyowa, kafin maɓalli. In bai ragu ba, to ta bayan maɓalli yake shiga, watau ta kan allon kansa, ko ta wayar batir, ko ta wayar abin kunne. Sai a riƙa cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya ana saurare, har a kama mai laifin. Wannan gwaji bai fi minti goma ba, amma ya fi a wuni ana canza ai-si mai lafiya.

Magani na farko ba ya cin ko kwabo, shi ne nisa. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin salula da na'ura, ƙarfin igiyar da yake isa gare ta yakan ragu da rabi, kukan kuwa yakan ragu fiye da haka. Salular da ke cikin aljihu ɗaya da amfilifaya ita ce mafi muni. A mai da ta ɗaya aljihun ma an rage. A masallatai da yawa, mai laifin ba ya cikin sahu, salular mai kula da lasifika ce da ya ɗora a kan amfilifaya tana caji.

Na biyu shi ne akwati. Roba tana da kyan gani, tana da sauƙin hudawa, amma igiyar rediyo tana ratsa ta kamar yadda iska take ratsa zana. Tun cikin 1836 wani masani a Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa ɗakin da aka lulluɓe da ƙarfe yana kāre abin da ke cikinsa daga lantarkin waje. A ƙarshen shekarun 1990 wani mutum mai suna Chu Moy ya wallafa zanen wata 'yar amfilifaya ta abin kunne wadda ta yi suna a duniya, masu haɗa ta kuma suka saba zuba ta a gwangwanin alewar Altoids. Abin da suka samu a gwangwanin alewa, yaron Nguru yana da shi a bola: gwangwanin kifi, na madarar gari, ko na kayan lissafi da 'yan makaranta suke yarwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai gwangwani yana da sharuɗɗa. Tilas a kankare fenti da tsatsa a like shi da dalma ga layin ƙasa na allon, wanda masu gyara suke kira at, domin gwangwanin da ba a haɗa ba aikinsa rabi ne. A yawancin ƙananan na'urori layin ƙasa shi ne negatif na batir, amma a masu wuta kashi biyu, irin ta Chu Moy, tsakiyar ce ƙasa, wanda ya haɗa gwangwani da negatif kuwa ya jawo wa kansa aiki. Tilas kuma murfi ya taɓa jiki ƙarfe da ƙarfe, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma doguwar tsaga ta fi huda illa. Idan ana son iska saboda zafin bazara, wanda a wannan yanki yakan haura awo 40, to ƙananan huji masu yawa sun fi babbar kafa ɗaya. A shimfiɗa kwali ko roba tsakanin allo da gwangwani domin kada ƙafafu su haɗu. Wannan shawara kuwa ta na'urar batir ce kaɗai. Kada wani ya kuskura ya shigar da wutar gida mai bolt 230 cikin gwangwani, domin wannan wasa da rai ne.

Na uku shi ne gajarta waya. Kowace waya a cikin akwati a yanke ta daidai buƙata, a kwantar da ita jikin ƙarfe. Wayoyin batir biyu a murɗe su tare kamar tufkar igiya. Wayar da take kawo sauti ta zama mai rigar tagulla, a kuma haɗa rigar da gwangwani tun daga bakin soket, kada a bar ta ta yi doguwar jela a ciki.

Na huɗu shi ne mai gadin ƙofa, watau razista ɗaya da kafasita ɗaya. A jera razista mai om 1,000, mai zoben ƙasa-ƙasa da baƙi da ja, a kan hanyar sauti dab da ƙafar shiga ta ai-si, wadda a LM386 yawanci ita ce ƙafa ta 3. Sa'an nan daga ƙafar nan zuwa layin ƙasa a sa ƙaramar kafasita ta yumɓu, mai lamba 101 ko 221 a jikinta. Kunnen ɗan Adam ba ya wuce kaɗawa 20,000 a sakan, wannan mai gadi kuwa ba ya fara tare kome sai an kai dubu ɗaruruwa, saboda haka murya da kiɗa suna wucewa ba tare da an taɓa su ba, igiyar salula kuwa a karkatar da ita ƙasa. Asirin yana ga ƙafafun kafasitar: a datse su gajeru iyakar iyawa, domin a irin wannan zango ƙafa mai tsawon farce ma tana ɓata aikin. Wanda hannunsa ya saba da gyaran salula yana iya ciro ƙananan nan marasa ƙafa daga mataccen allo, sun fi aiki nesa ba kusa ba. Har wa yau a sa kafasita mai lamba 104 tsakanin ƙafar wuta da ta ƙasa, watau ta 6 da ta 4 a LM386, a manne da jikin ai-si. Duka kayan nan kuɗinsu bai kai na shayi da burodi ba.

Na biyar shi ne ɗan ƙullutun nan baƙi da ake gani a wayar cajar kwamfuta ko ta firinta, wanda mutane da yawa suke zaton ado ne. Sunansa ferait, aikinsa kuwa shanye igiyar rediyon da take bin waya. A fasa robar tsohuwar waya a ciro shi, a zura wayar abin kunne ko ta shigar sauti a cikinsa, dab da inda take shiga akwati. Wannan shi ne maganin kukan da yake biyowa ta baya. Kada a yi gaggawar manna kafasita kai tsaye a bakin fitar sauti, domin wasu ai-si ba su jure haka, sai su kama kaɗawa da kansu, su yi zafi, su cinye batir.

Na shida ya shafi hali fiye da kaya. Ai-si na LM386 yana ninka sauti sau 20 idan an bar shi yadda yake, idan kuma aka haɗa ƙafa ta 1 da ta 8 da kafasita sai ya ninka sau 200. Samari suna son na 200, domin a kasuwa mai ƙara shi ake saye. Amma abin kunne ba lasifikar tallan magani ba ce, 20 ma ta ishe shi har da saura, kuma duk ninkin da aka yi wa sauti an yi wa kukan da ya shigo tare da shi. Ga shi kuwa kukan da ya shiga ta bayan maɓalli ba ya jin rage murya, da cikakken ƙarfinsa yake dukan dodon kunne. Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kashedi cewa matasa fiye da miliyan dubu ɗaya suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Kunne kuwa ba taya ba ce da za a kai wa mai faci. Dattijon da ya zo neman a taimaka wa ɗan jin da ya rage masa bai cancanci a sayar masa da abin da zai ƙarasa shi ba, kuma kyautatawa ce a shawarce shi ya je asibiti a duba kunnen, domin wani nauyin jin ɗauɗa ce kawai ko ciwon da yake da magani.

Masu kula da lasifikar masallaci da ta makarantun Islamiyya su ma wannan karatu nasu ne. Doguwar wayar makirfo ita ce babbar eriyarsu. Idan aka sa mai riga, aka gyara mahaɗinta da ya yi tsatsa, aka zura mata ferait, aka kuma raba salula da teburin amfilifaya, yawancin kukan zai ɗauke ba tare da an tara kuɗin sabuwa ba.

Abin da ya rage yana ga iyayen gidan sana'a. An saba koya wa yaro ya kwafi allo, ƙafa kaza ta tafi wuri kaza, ba a gaya masa dalili, wani lokaci domin shi ma maigidan haka aka koya masa. Yaron da ya san dalilin kafasita mai lamba 101 ba zai tsallake ta domin ya rage minti biyu ba. Ya kamata kowace rumfa ta kafa doka: na'ura ba ta fita sai an gwada ta da salula a kan 2G, a lungun da sabis ya fi rauni, salular tana jingine da ita. Makarantun fasaha na yankin da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa cikin 2013, suna iya ba da gudummawa ta hanyar kiran waɗannan samari bita ko da ta yini ɗaya ce, da harshen da suke ji, da kayan da suke taɓawa kullum. Mai saye kuma yana da nasa: kafin ya biya, ya fito da salularsa ya sa a kira shi, ya kuma ɗaga akwatin ya ji ko ƙarfe ne ko roba. A ƙasar da labari yake bin motocin kasuwa daga Nguru zuwa Gashuwa har Geidam, yaron da aka san kayansa ba su kuka a ƙauye ba zai rasa ciniki ba.

Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya kuma kāre kunnuwan bayinSa. Sai mako mai zuwa.